Darasi Arba'in da Takwas da Na Koya wa Kabad

Ɗan ƙanwata ya gama kwalejin horon malamai bara, aka ba shi aji. Da ya zo gaishe ni a Daura sai ya ce, "Kawu, ku dai kun sha wuyar banza. Yanzu darasin yana cikin na'ura, an rubuta komai, har wurin da za ka ce yara su tafa. In ka iya karatu ka iya koyarwa." Na ce masa haka ne, kuma duk gidan da ke da wuƙa akwai mahauci a ciki. Ya yi dariyar ladabi, ya sha furarsa ya tafi. Don shi da tsararrakinsa nake wannan rubutu, tunda na lura sun fi saurarar mutum idan ba ya gabansu.

Aikin farko da aka ba ni a makaranta shi ne baƙanta allo. An tura ni wani ƙauye arewa da Mai'adua, inda in akuyarka ta kwance da safe sai ka shiga Nijar nemanta da yamma. Na isa da takardar shaida a aljihu da sabon takalmi a ƙafa. Hedimastan lokacin ya dube ni, ya dubi takalmin, ya miƙa ni ga Malam Ilu. Malam Ilu dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma shi ke karɓar yara tun aji ɗaya ya tafi da su har ƙarshen aji uku, sannan ya dawo ya ɗauki sababbi. Ya ba ni tsofaffin batiran tocila shida da ƙaro a ƙoƙo.

"Fasa su, ka fitar da garin da ke ciki, ka dama da ƙaron, ka shafa wa bangon sau biyu. Kada ka yi na biyu sai na farko ya bushe."

Na ce ai ni koyarwa aka turo ni.

Ya ce, "Ita ce ka fara. Yaron da ke layin baya in bai ga abin da ka rubuta ba, da kai da bango duk ɗaya ne a wurinsa."

Zango guda cur ya ajiye ni a bayan ajinsa kamar ɗalibin da ya maimaita. Rannan ya bar mini yaran in koya musu harafin "k". Na yi abin da aka koya mana a kwaleji, na rubuta, na faɗa, suka amsa har kwanon rufi ya ɗauka. Na fito ina jin ƙasar nan ta yi sa'ar samuna. Ya tambaye ni wa bai gane ba. Na ce duk sun amsa.

"Aji kullum yana amsawa, Sani. Ko sunan jakinka ka faɗa za su amsa. Na ce wa ya motsa baki bai fitar da sauti ba?"

Ban sani ba. Ya lissafa mini goma sha ɗaya da sunayensu da na iyayensu. Sannan ya fitar da ajin duka waje, ya jera su a kan rairayi, kowa ya rubuta harafin da yatsa a gabansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi daidai ya share masa da ƙafa ya ce sake, wanda ya juya harafin ya tsuguna ya kama yatsansa. Goma sha ɗayan nan kuwa su ne, babu ƙari babu ragi. A nan na koyi cewa rabin sana'ar nan kallon baki ne, sauran rabin kuma haƙurin tsayawa a wuri ɗaya. Malam Ilu ba ya barin harafi sai na layin baya ya rubuta shi a ƙasa ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba. Yakan yi mako a kan abin da littafi ya ba kwana biyu. Amma yaron da ya fito daga hannunsa a aji uku yana karanta wasiƙa.

Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, tsofaffin malaman karkara duk sun san ta: ranar da aka yi ruwan shuka ba a sabon darasi. Ajin mutum tamanin sai ka tarar da tara, su ma waɗanda gidansu ba gona. Sauran suna bin bayan iyayensu, babba na sara da sungumi, yaro na jefa iri yana rufewa da diddige. Kwana uku, huɗu, wani lokaci mako. Malamin kirki yakan yi bita da 'yan taran nan, ya jira. Idan suka dawo ya koma baya kaɗan, don gona tana cinye haruffa. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a jadawalin hukuma, kuma ba sufeton da ya taɓa yin faɗa a kai, saboda shi ma sufeton yana gonarsa.

Masu kawo mana yara ba su da dogon buri, kuma ba a ruɗinsu. Wani mai fataucin shanu, Mati, ya kawo ɗansa ya ce da ni, "Malam, ni ban kawo shi don ya zama gwamna ba. In saƙo ya shigo wayata daga kudu, ya karanta mini, in huta da kai wa mai shago yana jin sirrina." Jarrabawarsu ke nan. Ba ruwansu da sakamakon da muke rubutawa da jan biro. Uba zai miƙa wa yaro waya ko takardar magani, in ya karanta makaranta na da amfani, in ya tsaya yana kallon rubutun kamar ya ga baƙo, shekara mai zuwa yana bayan shanu. Da wannan ma'aunin suka auna Malam Ilu shekara talatin da uku, kuma iyaye kan jinkirta sa yaro shekara guda don ya faɗo zagayen da shi zai karɓi aji ɗaya.

Na yi yawo a wasu makarantu wajen Mashi da Dutsi, daga baya aka dawo da ni ƙauyen nan a matsayin hedimasta. Na tarar da shi a inda na bar shi. A gaban mutane yana ce mini Hedimasta, in mu biyu ne Sani.

Na'urorin sun zo bayan hutun ƙarshen shekara, a farkon zango na biyu. Aka tara mu a Daura kwana biyar ana horo. Kowane malamin aji ɗaya zuwa uku aka ba shi kwamfutar hannu, faffaɗa kamar ƙaramin allon karatu, cike da darussan koyon karatun Hausa a jere da lamba, ɗaya a kowace rana. Malami ya buɗe darasi, ya karanta abin da aka rubuta masa, ya ja shafi da yatsa, a ƙarshe ya danna wurin da aka ce "an kammala". Kada ku ɗauka zan zage ta. Wanda ya rubuta darussan nan ya san aikinsa. Akwai hotuna, akwai gajerun labarai, an jera haruffan da hankali. Malaman da a da suke shiga aji hannu wofi, sai hamma, sun sami abin faɗa. Wanda kan zo ranar Litinin ya ɓace sai Alhamis ya gane yanzu akwai mai ƙirga masa. Waɗannan duk alheri ne, na gan su da idona.

Nawa aikin shi ne caji da aikawa. An kafa mana sola ɗaya a kan ofis, na'urorin suna kwana a kabad. Duk Alhamis in zuba su a jaka in hau babur zuwa wani tudu kusa da hanyar mota, domin a cikin ƙauyen sabis ɗin Nijar ne ke shiga wayoyinmu, yana yi mana maraba da zuwa ƙasar da ba mu je ba. A kan tudun nake haɗa su da wayata, su kai rahoton abin da kowa ya yi. Bayan 'yan mintoci sai jerin sunayen malamaina ya fito, kowane da ɗigo a gabansa. Kore, yana kan lokaci. Ja, ya yi baya. Ɗigon ba shi da wurin rubuta dalili.

Malam Ilu, wanda a shekarar yake aji biyu da yaransa tamanin da huɗu, ya karɓi tasa da hannu biyu. Ya zauna a ofis ya karanta darasi goma a zama ɗaya, ya cire tabarau ya ce, "Wannan mutumin malami ne. Sai dai bai taɓa ganin yarana ba." Gilashin na'urar ba ya nuna rubutu a rana, shi kuma rabin aikinsa a kan rairayi yake, don haka duk Juma'a yakan kwafe darussan da ke gabansa a littafi, ya bar na'urar a kabad. Ba ya danna "an kammala" sai an kammala. A ƙarshen zangon ana so a kai darasi na sittin. Shi yana na arba'in.

Mai duba mu wata matashiya ce, Malama Rabi, daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Tana zuwa a bayan babur da jakarta a cinya, kuma ba ta da mugunta ko kaɗan, abin da ya sa maganarta ta fi nauyi. Ta shiga ajinsa ta zauna awa guda, ta fito ta same mu a ofis.

"Baba, ban taɓa ganin aji biyu irin naka ba. Amma ɗigonka ja ne."

"Ja ne, 'yata. Ai na yi baya."

"Ka ɗan riƙa sauri mana."

"Ni ina da sauri. Su ne ba su da shi."

Ta juyo wurina. "Hedimasta, ƙa'idar ita ce zango biyu a ja, a cire malami daga aji. Ba ni ke cirewa ba, suna ne ke fitowa a takarda daga sama. Saura shekara biyu Baba ya yi ritaya. Ku san yadda za ku yi."

Bayan tafiyarta na ce masa, Malam, ka ji dai. Ya ce ya ji, ya ɗauki littafinsa ya koma aji.

Zango na uku shi ne mugun zangon. Ruwa ya yi jinkiri, sannan ya sauko da ƙarfi dare ɗaya, gari ya fita shuka. Aji ya koma mutum tara. Gero ya tsiro, sama ta ɗauke kwana goma sha tara, tsiron ya ƙone. Aka sake ruwa, aka sake shuka, aji ya sake watsewa. Wannan ma iska ta binne rabinsa da rairayi. Shuka ta uku da irin aro aka yi ta, mutane na fita gona ba mai yi wa wani magana. Tsakanin shukokin nan yaran da ke zuwa ma da yunwa suke zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya sai ka ga kawuna a kan gwiwa. Malam Ilu ya bi tsohuwar doka. Duk lokacin da suka watse ya jira, duk lokacin da suka dawo ya koma baya. Na'ura kuwa ba ta da gona. Kowace safiya lambarta na ƙaruwa da ɗaya.

A mako na uku na zangon na buɗe kabad da safe, na ɗauki na'urarsa, na zauna a teburina. Ba a yaudarar ta da gaggawa, domin tana lura da lokaci: darasin da aka gama cikin minti biyar ba ta karɓa. Sai an ba shi rabin awa, ana jan shafi duk bayan minti biyu ko uku. Na ajiye agogo a gefe. Ina cika rajista da hannun dama, ina koyarwa da ɗan yatsan hagu. Darasi ɗaya kafin hutun tara, ɗaya bayansa, don in cike giɓin. Ban taɓa samun aji mai natsuwa irin wannan ba. Kabad ne da ƙadangare ɗaya da ke zuwa a kan taga, kuma babu wanda ya taɓa neman izinin fita fitsari. Zuwa tsakiyar zango, a kan tudun nan, ɗigon Malam Ilu ya zama kore.

Ba a daɗe ba ya gane, tun Juma'ar farko da ya zo kwafe darasi. Ya buɗe na'urar ya daɗe yana kallo.

"Sani, wa ya koya wa yarana darasi na hamsin da biyu?"

Na ce, "Malam, bar wannan a hannuna. Kai dai ka yi aikinka yadda ka saba."

"Jan nan gaskiya ne fa."

"Gaskiya ne. Ita ce kuma za ta fitar da kai daga ajin. In aka cire ka wa zai kai su aji uku?"

 Can ya ce in nuna masa yadda ake komawa baya a duba darasin da aka wuce. Na nuna masa. Ya kwafe na arba'in da huɗu da na arba'in da biyar, ya rufe littafinsa, ya mayar da ita kabad da kansa. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Zuwa makon da aka zo gwaji, na'ura ta ce ajinsa ya kammala darasi ɗari da goma sha biyu. Littafinsa ya ce sittin da huɗu. Arba'in da takwas ɗin da ke tsakani nawa ne.

Ku da kuke shiga aikin yanzu, ga abin da ban sani ba a lokacin, ko kuma an faɗa a wurin horo a ranar da gyangyaɗin bayan azahar ya ɗauke ni. Gwajin ƙarshen zango ba ɗaya ba ne ga kowa. Na'urar mai gwaji tana duba inda ajin ya ce ya kai, ta ciro abin karantawa daga nan. Ajin da ya ce yana sittin, daga sittin za a gwada shi. An yi haka ne don adalci.

Malama Rabi ta zo da masu gwaji biyu ranar Talata. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ofis, aka zaɓi yara ashirin daga kowane aji ta hanyar ƙuri'a. Yaro ya zauna, a miƙa masa gilashi, a ba shi minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Aka fara da aji uku na Malam Nura, saurayi mai ƙoƙari wanda bai taɓa saɓa wa na'ura ba, ko yara tara ne a gabansa yakan karanta musu darasin ranar ya danna. Labarin da ya fito wa yaransa shi ne wanda suka rera makon da ya wuce. Da yawansu suka zuba shi tiryan-tiryan. Na ga ɗaya yana karantawa idonsa na kan babur ɗin masu gwaji. Aka rubuta masa maki.

Sai aka kira aji biyu. Yaran Malam Ilu a lokacin suna karanta gajerun jimloli, irin su "Bala ya sayi rake", kuma da gaske suke karanta su, za ka iya canza kalma su kama ka. Abin da ya fito musu a gilashi labari ne mai sakin layi uku, cike da haruffa masu goyo da ba su kai ba, su "gw" da "ƙy" da "ts". Ta farko wata yarinya ce, Zulai, wadda ta fi kowa a ajin. Ta sa yatsa a ƙarƙashin kalmar farko kamar yadda aka koya mata. Kalmar ita ce "gwaggo". Ta ce "ga", ta tsaya, ta koma, ta ce "go", ta ɗago ta nemi malaminta da ido. An koya mata kada ta wuce abin da ba ta gane ba, don haka ba ta wuce ba. Minti ya cika tana kan kalmar nan. Mai gwaji ya rubuta sifili.

Bayan yaro na biyar Malam Ilu ya matso ya ce da mai gwajin, "Ɗana, ba su daga na sittin mana, ka ji abin da suka iya."

"Baba, ba ni ke zaɓa ba. Inda kuka ce kun kai, nan take bayarwa. Ga shi, ɗari da sha biyu."

Malam Ilu bai dube ni ba. Ya koma ya tsaya a bakin ajinsa, hannuwa a baya, har aka gama da na ashirin.

Da yamma Malama Rabi ta kira ni da Malam Ilu ofis, ta ce masu gwajin su jira ta a waje. Ta nemi rajistar aji biyu, ta buɗe ta gefe da na'urarta, ta bi da yatsa.

"Hedimasta, ranar shukar farko rajistarka ta ce yara tara. Na'ura ta ce an yi darasi biyu. Ranar da Baba ya tafi jana'izar yayansa a Mashi, ni da kaina na yi masa ta'aziyya a waya, ta ce an yi biyu." Ta rufe rajistar. "Ban tambayi wanda ya yi ba, kada kuma a gaya mini. Abu biyu zan iya rubutawa. In na rubuta an danna darussan da ba a koyar ba, wannan ha'inci ne a takardar aiki, kwamiti zai zauna, kuma mai na'urar da mai ajiye ta duka za su iya rasa aikin da fanshon da ke bayansa. In na rubuta an koyar yara ba su gane ba, za a ce malamin ne ya gaza, a cire shi daga aji, shi ke nan."

Na ce, "Da an bar ɗigon a ja fa?"

"Da daga sittin aka gwada su. Da yau ina da sakamakon da zan ɗauka in kai sama in ce ku zo ku ga ajin da kuke kira ja. Ban ce da sun saurare ni ba. Amma da ina da abin riƙewa a hannu."

Malam Ilu ya ce, "Rubuta na biyun, 'yata."

"Baba, za a rubuta ba ka iya koyarwa ba."

"Shekara talatin da uku ba wanda ya rubuta na iya. Rubuta."

A nan ne ya kamata hedimasta ya yi magana. Na san kalmomin, ba su da yawa, kuma babu harafi mai goyo a cikinsu. Abin da ya fito daga bakina shi ne na tambaye ta ko a kawo mata ruwa kafin ta kama hanya.

Takarda ta iso a cikin dogon hutu. An mayar da Malam Ilu ofishin ƙaramar hukuma, ɗakin ajiyar littattafai, inda zai zauna da mabuɗi har ritayarsa. Ajinsa, wanda zai shiga aji uku, an ba Malam Nura. A cikin takardar an yaba wa hedimasta bisa yadda duk malamansa suka kammala darussa a kan lokaci. Tana nan a fayil ɗina.

Ranar da aka koma makaranta ya zo miƙa aji. Ba wanda ya ce ya zo, takarda ba ta tanadi haka ba. Gero ya yi kai a gonakin da suka tsira, yara sun dawo kusan duka. Muka tsaya mu uku a bakin ajin, su suna ciki suna leƙe. Ya ciro littafinsa ya fara bi wa Malam Nura suna ɗaya bayan ɗaya. Wannan kunnensa na hagu ba ya ji, a zaunar da shi ta dama. Wannan tana makara don ita ke ɗebo ruwa, kada a dake ta. Waɗannan biyun 'yan rugar gabas ne, za su ɓace bayan girbi su dawo da bazara, a ajiye musu wurinsu. Wannan yana juya "b" da "d" in ya gaji. Wannan ya iya, tsoro ne kawai, kada a fara tambaya da shi. Malam Nura ya saurara da ladabi, da farko yana rubutawa a bayan hannunsa, daga baya ya daina, don tamanin da huɗu ba sa shiga bayan hannu.

Da aka gama ya ce, "To Baba, a wane darasi zan tashi?"

"Na'ura ta ce sun gama ɗari da sha biyu. Ni na ce sittin da huɗu. Daga sittin ma za ka fara in ni ne, an yi hutu."

Malam Nura ya dubi na'urar da ke hannunsa. Yaron kirki ne, yana da mata da jariri, shekararsa biyu da fara aiki. Ya san abin da komawa sittin ke nufi: sai ya yi zango biyu yana koyar da abin da na'ura ta ce an gama, ba ya danna komai, ɗigonsa na ja, ko kuma wani ya zauna a ofis yana danna masa. Ya ga kuma inda kowace hanyar ta kai wanda ke tsaye a gabansa.

"Hedimasta," ya ce, "kai za ka faɗa."

Malam Ilu ya juyo ya dube ni, karo na farko tun ranar gwaji. Bai ce Sani ba, bai ce Hedimasta ba. Ya jira, yadda yakan jira na layin baya.

Na ce, "Ɗari da goma sha uku."

Ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Malam Nura littafin duk da haka, ya tafi wurin mai babur da ke jiransa a bakin hanya. Ni na koma ofis. Bango ɗaya ne tsakanina da aji uku, kuma ba a jima ba na ji Malam Nura ya karanta jimlar farko, yara tamanin da huɗu suka amsa masa gaba ɗaya, da ƙarfi, babu wanda ya yi kuskure.